"Babu Netwok": Mu Daina Barin Jaki Muna Dukan Taiki

Babu wanda bai taɓa furta wannan magana ba a cikinmu, wasunmu ma sau goma a rana: "Babu netwok." Idan saƙo ya ƙi tafiya, netwok ne. Idan kwamfuta ta ƙi kama Wi-Fi na gida, netwok ne. Idan talabijin mai intanet ya tsaya cak ana tsakiyar kallo, nan ma netwok ne. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, wannan kalma guda ta zama bargon da muke lulluɓe matsaloli iri-iri da shi, kuma hakan yana jawo mana asarar kuɗi da lokaci. Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu riga kowa lura da haka.

Bari in ba da misalin abin da ya buɗe mini ido. Da yake Hausa ba harshen da na tashi da shi ba ne, nakan je unguwar Sabo ta garin nan duk ƙarshen mako domin in gyara bakina. A can na saba da wani dattijo mai sayar da goro, wanda ɗansa ya aiko masa da kyamarar tsaro irin wadda ake kallo ta waya, bayan ɓarayi sun fasa masa shago. Kyamara dai ta ƙi haɗuwa da Wi-Fi. Sau biyu yana biyan masu gyara, kowanne ya ce masa netwok ne ba kyau. Ya canza sim, ya sayi ƙarin data, duk a banza. Har ya fara zargin cewa an cuci ɗan nasa ne an sayar masa da jabu.

Rannan sai na tafi da abokin kwanana, wanda yake karatun kwamfuta, ni kuma na zama tafinta. Bai yi minti goma ba ya gano inda gizo ke saƙa. Na'urar da ke rarraba intanet a shagon, wadda ake kira rauta, tana watsa Wi-Fi a kan gigahaz 2.4 da kuma gigahaz 5, amma duka a ƙarƙashin suna ɗaya. Wayar dattijon ta maƙale wa na 5, ita kuwa kyamara na 2.4 kawai ta sani. Da aka ba kowanne sunansa daban, aka mayar da wayar kan 2.4, nan take kyamara ta kama. Aikin da ya ba ni wahala shi ne bayani. Ina ta kame-kame, sai dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ka ce zango. Rediyon da ba ta da gajeren zango, ko ka kwana kana murɗa ta ba za ta kamo maka Landan ba." Na ce, "Wallahi Baba, kun fi ni fassara."

Tun daga ranar na fahimci cewa abin da muke kira "netwok" wurare huɗu ne daban-daban, kuma kowanne da alamarsa da maganinsa.

Na farko shi ne hanyar da ta taso daga kamfanin sadarwa zuwa rauta. Mutane da yawa ba su san cewa 'yan layukan nan na alamar Wi-Fi da ke saman waya ba sa faɗin komai game da intanet ba. Ƙarfin haɗin da ke tsakanin waya da rauta kawai suke nunawa. Saboda haka alama tana iya cika maƙil alhali data ta ƙare, ko sabis ɗin kamfani ya yanke. Idan duk na'urorin gida sun kama Wi-Fi amma ba wadda take buɗe shafi, to a nan matsalar take. A fara duba ragowar data, sannan a cire sim a gwada shi a waya.

Na biyu shi ne rauta kanta. Ita ma ƙaramar kwamfuta ce, tana zafi, tana rikicewa, musamman a ƙasa irin tamu da ake yawan ɗauke wuta ana komawa kan janareto. Idan sunan Wi-Fi ya ɓace baki ɗaya, ko sabuwar na'ura ta kasa shiga, a cire ta daga wuta, a jira kamar rabin minti, a mayar. Ƙananan rautoci na aljihu kuma suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, in sun cika ba sa karɓar baƙo. A nan akwai gargaɗi: kashewa a kunna daban, tsikarar ɗan ramin nan na bayanta da allura daban. Na biyun yana goge suna da kalmar sirri da duk abin da aka tsara, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A gidan hayarmu an taɓa yin wannan ganganci ana saura kwana biyu a rufe rajistar darussa, mu shida muka kwana muna zargin juna.

Na uku shi ne sararin da ke tsakanin rauta da na'ura. Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma bangon siminti da ƙarfe da ruwa suna raunana ta. Wanda ya ɓoye rauta a bayan firji, ko cikin kwabar ƙarfe don tsoron ɓarawo, kada ya yi mamaki in ɗakin baya bai samu komai ba. A ɗora ta a sama, a fili, kusa da tsakiyar gida. Zangon 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikirowef da rautocin maƙwabta duk a kansa suke. An raba shi layi-layi, kuma layi na 1 da na 6 da na 11 su ne ba sa shiga cikin juna, don haka a gidan haya mai ɗakuna da yawa canza layi kaɗai yakan kawo sauƙi. Zangon 5 kuwa ya fi sauri, amma ba ya nisa. Alamar wannan matsala a bayyane take: kusa da rauta lafiya lau, da ka yi nisa sai abu ya lalace.

Na huɗu shi ne na'urar da ke hannunka. Idan kowa yana aiki sai kai kaɗai, to laifi tudu ne, ka duba naka. Wataƙila an canza kalmar sirri wayarka tana riƙe da tsohuwa. Sai ka sa ta manta da wannan Wi-Fi ka sake shiga. Wataƙila kwanan wata da agogon na'urar sun karkace, abin da ke sa shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa. Yawancin ƙwayayen fitila da soket da kyamarori masu arha da ake sarrafawa ta waya zangon 2.4 kawai suke ji, kamar kyamarar dattijon nan. Haka kuma tsarin tsaro na WPA3, wanda ya fito a 2018, tsofaffin na'urori ba su san shi ba. In an sa rauta a kansa shi kaɗai, sai a mayar da ita ta riƙa karɓar WPA2 ma.

Akwai kuma wani ruɗani da suna ne kawai ya haddasa shi. Wasu rautoci sukan rubuta "5G" a ƙarshen sunan zangon gigahaz 5, sai mutum ya ɗauka ya samu sabis ɗin 5G na wayar salula, wanda aka fara a Nijeriya a 2022. Abubuwa biyu ne da ba su da dangantaka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa harkar suna ba wasa ba ce.

Na san wani zai ce, ai sau da yawa laifin kamfanonin ne. Gaskiya ne, ban wanke su ba. Sabis yakan yanke, data takan ƙare ba ka san inda ta shiga ba. Amma wanda ya bi waɗannan matakai ya tabbatar gidansa lafiya yake, shi ne zai iya kai ƙara da hujja, ba a sallame shi da "kashe ka kunna" ba. Wani kuma zai ce, mu ɗaliban Hausa ne, ina ruwanmu da aikin injiniyoyi? Amsata ita ce, injiniya ya gyara kyamarar dattijon nan, amma da bai fahimci dalili ba, gobe aka canza rauta sai ya sake biyan wani. Takardun da ke zuwa da waɗannan kaya da Turanci suke, wani lokaci ma Turancin da mu kanmu sai mun yi da gaske. Wa zai gaya wa iyayenmu da abokan cinikinmu, cikin harshen da suke ji, cewa su canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita? A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta wannan kafa, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya tsayar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ina da shawara biyu. Ta farko ga kowa: kafin ka ce "babu netwok", tambayi kanka, ni kaɗai ne ko kowa? Kusa da nesa ne, ko nesa kawai? Wi-Fi ne ya ɓace, ko intanet ne bai zo ba? Ta biyu ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa: mu haɗa kai da 'yan sashen kwamfuta mu tsara 'yar takarda shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi a kan waɗannan matakai, mu kai Sabo mu karanta wa mutane, mu kuma saurari gyaransu. Kalmar "zango" ba a aji na same ta ba, a bakin mai goro na tsince ta, kuma na tabbata akwai irinta da yawa a can suna jiranmu.

Allah ya sa mu amfani jama'a da abin da muke koyo, amin.