Ba allurar likita ke yaɗa sankarar firostet ba

A makon jiya wani matashi ya tsaya a tagar ɗakin maganinmu riƙe da takardar gwajin mahaifinsa. Gwajin jini na PSA ya nuna 18. Likita ya ce a ɗebo ɗan gutsuren nama a duba, dangi suka taru suka ce ba da su ba. Hujjarsu ita ce wadda na gaji da ji: wai idan ƙarfe ya taɓa sankara sai ta fusata ta bazu. Shi kuwa abin da ya kawo shi, in sayar masa da "ƙwayar da ke sauke lambar". Na ƙi, kuma ko gobe ya dawo da wannan buƙata zan ƙi.

Cutar da ake yawan kira sankarar mafitsara a rediyo, sau da yawa a firostet take, wani ƙullutu mai kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda bututun fitsari ya ratsa tsakiyarsa. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya. PSA sinadari ne da firostet ke fitarwa, kuma yakan hau saboda kumburin tsufa, ko ƙwayoyin cuta, ko robar fitsari da aka sa wa mutum. Saboda haka lambar kaɗai ba ta yanke hukunci.

Ƙwayar da matashin ke nema akwai ta, kuma nan ne haɗarin. Finasteride na rage PSA da kusan rabi bayan watanni ana sha, alhali idan akwai sankara tana nan daram. Magunguna irin su bicalutamide kuwa suna sauya kamannin ƙwayoyin naman, ta yadda in an zo dubawa daga baya auna tsananin cutar zai yi wuya. Abokan sana'ata da ke miƙa waɗannan magunguna kan takardar PSA kawai, su ji tsoron Allah. Sun rufe bakin rami da tabarma.

Gutsuren naman ne kaɗai ke faɗin ko sankara ce, da kuma irin halinta. A ma'aunin Gleason, mai maki 6 sau da yawa sa ido kawai ake yi mata shekara da shekaru, mai maki 9 kuwa ba ta jira. Yaya za a yi wa waɗannan biyun magani ɗaya a makance? Batun bazuwa ta hanyar allura kuwa, abu ne da da ƙyar ake gani. Abin da dangi suka shaida a kan kawu wane shi ne mutumin da ya zo asibiti cutar ta riga ta kai ƙashin baya. Allura suna kawai ta raɗa mata, sai aka ɗora mata laifin shekarun da aka ɓata.

Akwai abin tsoro na gaskiya, amma ba shi ake tambaya ba. Tsohuwar hanya ita ce a bi ta dubura da na'urar sikanin, a ɗebo gutsure 10 zuwa 12. Allurar na iya kwaso ƙwayoyin cutar hanji ta kai su jini. Ciprofloxacin da muke bayarwa don kariya, mun sayar da shi kamar gyaɗa har ƙwayoyin cuta da yawa sun daina jin sa. Duk wanda zazzaɓi ko rawar sanyi ya kama bayan aikin, ya koma asibiti a daren nan, kada ya jira wayewar gari. Ɗaya hanyar ita ce ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, kuma ta fi tsira daga wannan matsala nesa ba kusa ba.

Sai hoton MRI kafin allura. Ana ba abin da aka gani maki daga 1 zuwa 5, sannan a nufi wurin da ake zargi kai tsaye. A binciken PRECISION da aka wallafa a 2018 kan maza 500, kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka fara yi wa MRI ba su ma buƙaci allura ba, kuma an gano sankara mai haɗari a kashi 38, a kan kashi 26 a tsohuwar hanya. Na san tsadarsa, na san kuma ba kowane gari ke da na'urar ba. In babu hali, a yi ta tsohuwar hanya a hannun ƙwararre, kada a zauna jiran abin da ba za a samu ba. A kuma gaya wa likita idan ana shan warfarin ko clopidogrel, domin suna hana jini tsayawa.

Na rubuta wa matashin tambayoyin da zai yi wa likita a bayan takardarsa: ta wace hanya za a bi, za a samu MRI tukuna, wane maganin kariya za a ba Baba. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce sai ya ji ta bakin yayyensa. Har yau ban sake ganinsa ba.