Sikelin Ɗan Gwangwan Ba Ya Ƙarya

Yau da wata 'yar magana muka zo, kuma mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, musamman iyayenmu mata masu shirin aurar da 'ya'ya bayan Sallah. A yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanakin baya a layinmu muka ga wani abu da ya tsaya mana a rai. Wata Hajiya ta sa aka fito da tarkacen ɗaki saboda za a yi fenti kafin biki. Cikin kayan akwai fanka biyu. Ɗaya tsohuwar KDK ce ta tebur, wadda marigayi maigidanta ya saya tun kafin a haifi uwar amaryar da za a aurar. Ɗayar kuwa doguwa ce mai rimot da fitila shuɗiya, bara aka saye ta, ta yi damina ɗaya ta ce ga garinku. Aka kira yaron nan mai tura kura yana sayen gwangwan. Ya ɗaga tsohuwar da hannu biyu, ya ɗaga sabuwar da yatsa uku, ya rataya kowacce a sikeli. Kuɗin da ya yi wa tsohuwar ya ninka na sabuwar har sau uku.

Hajiya ta ce, "Kai ɗan nan, wannan fa sabuwa ce, ko shekara biyu ba ta yi ba."

Ya ce, "Hajiya, ni ba shekara nake saye ba. Wannan cikinta jar waya ce zalla. Waccan roba ce da alminiyam."

Abin takaicin, tsohuwar fankar lafiyarta ƙalau. An jona ta a gabanmu ta juya. Laifinta ɗaya, wai ta tsufa, za ta ba da kunya idan baƙi suka zo daga Arewa. Kafin la'asar an sa mata guduma an zare wayar.

To mu abin da muke cewa shi ne, yaron nan da ko aji ɗaya bai yi a boko ba ya fi mu sanin darajar kayan ɗakinmu. Shi da nauyi yake awo, mu da ƙyalli muke awo. Kuma asarar da wannan awon namu ke jawo mana ta fi ƙarfin a kira ta ƙaramar magana.

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san irin kayan da muke nufi. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, kakanninmu fatake ne, 'yan goro da 'yan shanu, mutanen da suka san zafin kwabo. Ba sa sayen abu sai sun ƙwanƙwasa shi sun ji ƙararsa. Lokacin da kuɗin Udoji ya shigo hannun ma'aikata a 1975 kasuwa ta buɗe, iyayenmu ma suka samu, suka shiga Dugbe suka sayo rediyon National, da fankar sama, da firij, da agogon bango mai wani. Ku zaga gidajen Sabo yau ku gani. Akwai firij ɗin Thermocool da ya shayar da mutane ruwan sanyi a azumi talatin ko fiye, har yanzu ana ƙulla zoɓo da kunun aya a cikinsa ana sayarwa. Akwai dutsen guga na gawayi mai zakara a baki, wanda masu wanki da guga ke rufa wa kansu asiri da shi duk ranar da babu wuta. Akwai keken ɗinki Singer da Butterfly na ƙafa, baƙaƙe masu zanen ruwan zinariya, da suka ciyar da marayu suka biya musu kuɗin makaranta. Mun san gidan da keke ɗaya ya bi hannun kaka da uwa da jika, abin da aka taɓa canja masa bai wuce bel da allura da ɗan man keke ba.

Wani zai ce ai kayan da na Turawa da Japan ne, na yanzu kuwa na China ne, shi ya sa. Wannan ba hujja ba ce. Keken Butterfly ɗin nan da muke yabo a Shanghai ake ƙera shi, ɗan China ne gaba da baya. Mutanen China suna yin mai kyau suna yin na banza, kowa da kuɗinsa. Ɗan kasuwarmu ne ke zuwa ya ce a yi masa mai araha, saboda ya san mu araha da sheƙi muke bi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bambancin yana cikin cikin kayan. Tsohuwar fanka an naɗe injinta da wayar jan ƙarfe mai kauri. Ta yanzu mai araha da alminiyam ake naɗe ta, shi kuwa alminiyam wutar da yake iya ɗauka ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka ba, ga saurin zafi, ga wuyar liƙi idan ya tsinke. Ku haɗa wannan da irin wutar da ake kawo mana, yanzu ta yi ƙasa kamar kyandir, an jima ta taso kamar za ta fasa kwan fitila. Tsohon keke haƙoransa ƙarfe ne, na yanzu da yawa roba ce. Tsohon firij abin da ke cikinsa kaɗan ne, kwamfireso da tamostat da rile, kowanne ana cire shi a sa wani. Na yanzu an ƙara masa allon lantarki, wuta na yin tsalle sau ɗaya allon ya ƙone, a ce maka sai an aika Alaba a Legas, ko a ce ma babu irinsa. Tsohon kaya da noti ake ɗaure shi don a kwance. Na yanzu da gam ake manne shi, mai gyara na taɓawa ya ɓare.

Kada kuma a ɗauka duk wannan tsautsayi ne. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin kwan fitila na duniya, ciki har da Osram da Philips, suka zauna a Janeba suka ƙulla yarjejeniya cewa kada kwan fitila ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali kafin nan ana yin mai kai awa 1,500 har 2,000. Wanda nasa ya wuce ƙa'ida tara ake cin sa. A can Amurka kuwa, a wani ofishin 'yan kwana-kwana da ke garin Livermore, akwai kwan fitilar da aka kunna tun 1901, har yau yana ci. Ashe dai an iya yin mai ƙarko, ba a so ne, don wanda kayansa bai mutu ba ba ya komawa kasuwa. Su kansu Turawan sun farga. Faransa ta yi doka a 2015 da ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi, sannan a 2021 ta wajabta a riƙa manna wa wasu kaya, irin su waya da talabijin da injin wanki, maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu. Masu ƙera kayan suna neman hanyar komawa gyara, mu da muke saye da dala mai tsada muna gudun sa.

Maganar dala kuwa ba sai an yi wa ɗan Sabo bayani ba, ga 'yan canji nan a bakin titi. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Cikin 2024 ta haye 1,500. Kusan duk abin da ke amfani da wuta a ɗakunanmu daga waje yake zuwa, ko shi ko kayan haɗa shi. Ke nan duk fankar da ta mutu aka sake saye, kuɗin ya ninka na wancan karon. Wanda ya sayi mai araha sau huɗu cikin shekara shida, don Allah ina arahar take? Hausawa sun gama magana da suka ce araha ba ta ado.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne kayan ɗakin amarya. A da, abin da uwa ke tara wa 'yarta dukiya ce. Kwalla da langa da tasa da tukwane, da keken ɗinki idan da hali. Ranar da aka shiga matsi, mace na iya ɗaukar kwalla biyu ta sayar ta ja jari, ko ta hau keke ta yi ɗinkin Sallah. Kayan ɗaki bankinta ne. Yanzu fa? Uba zai ci bashi, uwa ta kwashe adashin shekara biyu, a cika ɗaki da bilenda da tosta da na'urar ɗumama abinci da fanka mai caji da butar lantarki, duk saboda 'yan ganin ɗaki su ɗauka a waya su sa a WhatsApp. Rabin kayan ma wutar gidan haya ba za ta iya ɗaukar su ba. Kafin a yi sunan fari bilenda ta ƙone, batirin fanka ya kumbura, butar ta daina zafi. Bashin yana nan, kayan sun tafi. Idan auren ya zo da ƙaddarar rabuwa, ko miji ya rasu, yarinya ta dawo gida da kwalaye. Wallahi wannan ba gata muke yi wa 'ya'yanmu ba. Malamanmu kullum suna jan kunne a kan almubazzaranci, mu kuwa mun ɗauka a shinkafar biki kaɗai yake.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma wasu maganganunsu gaskiya ne. Sun ce tsohon firij ya fi shan wuta, ga shi yanzu mita mai kati ce. Haka ne. Wanda firij ɗinsa ke cinye masa kati ya yi lissafi, idan canjawa ta fi, ya canja. Sun ce risho ya wuce zamani tunda kananzir ya fi ƙarfin talaka, gas ya fi sauƙi da tsabta. Mun yarda. Kwan fitila na zamani ma ya fi na da haske da ƙarancin shan wuta, sola kuma rahama ce. Sun kuma ce ai kayan da ma akwai waɗanda suka lalace aka zubar, masu ƙarkon ne kawai suka rage muke gani. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai ku tambayi kanku, me ya sa waɗanda suka ragen suka rage? Saboda duk lokacin da suka yi tari akwai wanda zai buɗe su ya gyara, kuma akwai abin gyaran a kasuwa. Mu ba tsufa muke bauta wa ba. Abin da ake iya gyarawa muke kare wa, sabo ne ko tsoho.

Wannan ya kawo mu ga masu gyaran su kansu. Ku lissafa masu gyaran rediyo da fanka da keken ɗinki da kuka sani a unguwar nan shekara ashirin da suka wuce, ku lissafa na yau. Waɗanda suka rage duk furfura ce, kuma yawancinsu babu yaro ko ɗaya a gabansu. Maƙwabtanmu Yarabawa har gobe suna kai ɗa wurin mai naɗin koyil ko mai gyaran firij, ya yi shekarunsa, a yi masa bikin yaye, ya buɗe nasa shagon. Namu yaran suna kan acaɓa, ko suna tura kura suna fasa kayan da ya kamata a ce su ke gyara su. Ba raina sana'ar gwangwan muke ba, halal ce, ta rufa wa dubbai asiri. Amma yaron da ya iya gane jar waya daga ɗaga fanka, wallahi idan aka koya masa zai iya naɗa ta. Fankar da ya fasa sau ɗaya zai ci kuɗinta. Da gyara ya iya, da ya ci kuɗinta sau goma, mai ita kuma tana godiya.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Iyaye mata, kafin ku kira mai kura, ku kira mai gyara. Sau da yawa fankar da ta ƙi tashi kafasita ce kawai ta mutu, abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba. Dutsen gugar da ya daina zafi waya ce ko elimen. In za ku shiga Dugbe ko Ogunpa sayen kayan jere, ku tafi da wanda ya san kan abin, ku ɗaga kaya ku ji nauyinsa, ku tambaya ko koyil ɗin jan ƙarfe ne, ku tambaya ko ana samun kayan gyaransa a garin nan, ku karɓi rasit da takardar garanti. Gara abu uku masu rai da goma na hoto. A mayar da keken ɗinki cikin kayan ɗaki, a kuma koya wa yarinyar hawansa kafin ta tare. 'Yan ganin ɗaki, ku ji tsoron Allah ku rage baki, surutunku ne ke jefa bayin Allah cikin bashi. Shugabanninmu da ƙungiyoyin matasa, a zauna da dattawan masu gyaran nan tun suna da rai, kowanne a haɗa shi da yara biyu ko uku, masu hali su ɗauki nauyin kayan aiki. Wannan sadaka ce mai gudana.

Hajiyar da muka ba ku labarinta ta riga ta sayar da fankarta, ba ta dawowa. Amma mun ji cewa keken ɗinkin uwarta na nan a ƙarƙashin gado, kuma ana shawarar a fitar da shi shi ma kafin biki. Hajiya, don Allah a bar shi. A goge shi, a sa masa mai, a ɗora shi a motar jere. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya ba su zaman lafiya, Ya kuma sa mana albarka a cikin abin da muka mallaka.