Mun Karanta, Mun Koma Gida Mun Yi Shiru

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wani abin kunya da muka daɗe muna rufa wa juna asiri a kansa, yau kuwa za mu tone shi. A ɗakin jarrabawa muna iya cika takarda huɗu da bayanin yadda jikin ɗan Adam yake kare kansa daga cuta, mu ci maki, mu fito muna taƙama. Amma da zarar an ba da hutu mun koma gida, aka zauna a zaure wani ya ce allurar rigakafi makirci ce ta hana haihuwa, sai mu sunkuyar da kai, wai ba a gardama da manya. Mun sa wa wannan hali suna ladabi, alhali tsoro ne kurum, kuma ƙannenmu ne suke ɗanɗana kuɗarsa.

Maganar kuwa ba ta fi ƙarfin Hausa ba. Jiki yana da ganuwa, watau fata, da majina, da hawaye, da ruwan ciki mai tsami. In ƙwayar cuta ta keta ganuwar, ta hanyar ƙaya ko yanka ko numfashi, sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake haifa a cikin ɓargo, su yi mata ca cikin sa'o'i kaɗan suna haɗiye ta. Kumburi da zafin da ake ji a bakin miki aikinsu ne, mugunyar da ke fita kuwa yawancinta gawarwakinsu ne. Wannan runduna ta farko ba ta tantance baƙo da baƙo, duk wanda ta gani duka ne.

Runduna ta biyu ita ce abin lura. Kowa ya san kaluluwa, wadda kan fito a matsematsi in aka ji ciwo a ƙafa. To, can ake kai samfurin cutar a nuna wa wasu fararen ƙwayoyi da likitoci suke kira B da T. Cikin miliyoyinsu 'yan ƙalilan ne suka dace da wannan cuta musamman, kamar yadda makulli ɗaya ne cikin tari yake buɗe kwaɗo. Waɗanda suka dace sai su shiga hayayyafa, shi ya sa wurin yake kumbura. Ƙwayoyin B su ƙera wasu sinadarai, antibodi, masu manne wa cutar su hana ta sakat, wasu daga cikin ƙwayoyin T kuma su kashe sassan jikin da cutar ta ɓuya a ciki. Amma a karon farko wannan shiri yakan ci mako ɗaya zuwa biyu. A cikin kwanakin nan ne yaro yake mutuwa, ko ya makance, ko ƙafarsa ta shanye. In ya tsira, wasu ƙwayoyin sukan zauna shekara da shekaru riƙe da kamannin cutar, ta yadda in ta komo za a gama da ita tun bai kwanta ba.

Allurar rigakafi ba ta yin komai illa cike wannan giɓi. Ana ba jiki cutar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɓallinta, ya koyi kamanninta cikin kwanciyar hankali, kamar a nuna wa mai gadi fuskar ɓarawo tun da rana. Ɗan zazzaɓin da yaro kan yi da daren allura alamar wannan koyo ce. Wanda ya hana ɗansa allura bai raba shi da darasin ba, ya dai zaɓa masa cutar kanta ta zama malamarsa.

Za a ce mana, ai iyaye da kakanni ba a yi musu ba, ga su nan da ransu. Lalle ga su nan, gama waɗanda ba su tsira ba ba sa zuwa zaure su ba da shaida. A tambayi kowace tsohuwa nawa ta haifa, nawa ta raya. A kuma tambaye ta ina agana, wadda ta bar zanzana a fuskar tsararrakinta. Lamba ce ta kawar da ita daga duniya, aka yi shelar haka a 1980. Ga kuma ƙyanda, wadda ake ɗauka baƙon da dole ya ziyarci kowane yaro. Mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 a inda ba a yi rigakafi ba, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa tana goge wani kaso na abin da jiki ya riga ya haddace game da sauran cututtuka. Ke nan yaron da ya tashi daga ƙyanda ya koma fagen da ya baro, gudawa da ciwon haƙarƙari suna jiransa.

Ba za mu yi rashin adalci mu ce mutanenmu jahilci ne kawai ya sa suke ɗari-ɗari ba. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Haka kuma talakan da ya tambaya don me ake biyo shi har gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗansa sai ya sayi magani da kuɗinsa, tambayar mai hankali ya yi, kuma hukuma ce ya kamata ta amsa.

Sai dai mu dubi abin da ƙauracewar ta haifar. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, ba a ci gaba a Kano ba sai tsakiyar 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A sanadin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka rabu da ita, har da Yaman da ita Indonesiyar. A 2006 yara fiye da 1,000 ta shanye a Nijeriya. Waɗannan yara tsararrakinmu ne, wasunsu muna wuce su a bakin titi bisa katako mai taya. Haihuwar da aka ce za a hana kuwa, kowa ya ga ko ta tsaya. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, bayan an harbe mata masu ba da ɗigon har su 9 a Kano a 2013. Ba a jima ba, daga ƙarshen 2022, mashaƙo ya ɓarke, Kano ce a kan gaba, kuma yawancin waɗanda ya kama ba su kammala allurarsu ba, ga cutar da ake da rigakafinta tun shekarun 1920.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta rage kuɗin liyafar ƙarshen zango ta buga wannan bayani da Hausa, da boko da ajami, a ba kowa ya tafi da shi gida. Kowannenmu kuma, kafin ya sauke jakarsa, ya roƙi Inna ko matar Yaya ta ɗauko katin jaririn gidan. A duba ko an yi ta tarin fuka bayan haihuwa, da ta mako 6 da 10 da 14 wadda ta ƙunshi mashaƙo da tarin shiƙa, da ta ƙyanda a wata 9, sa'ad da kariyar da uwa ta ba shi tun yana ciki take gushewa, da maimaicinta a wata 15. In akwai gurbin da ba a cike ba, mu durƙusa mu gai da Baba, mu yi masa bayanin kaluluwa, sannan mu nemi izinin raka su asibiti da kanmu.