Waiwaye: Masoyiyar da Ba Ta da Gari

A Amurka an daɗe ana wata gardama tsakanin masu sauraron kiɗan baƙar fata da suke kira soul da R&B. Dattawansu na cewa a zamanin Sam Cooke da Aretha Franklin da Marvin Gaye mawaƙi lallashi yake yi, ya roƙa, ya ba da labarin wadda ta hana shi barci, amma yanzu waƙar ta koma zancen jiki tsagwaronsa. Matasa kuma su ce ƙuruciyarku da ta wuce kuke yi wa kuka. Ba sai mun je Detroit, inda Berry Gordy ya kafa kamfanin Motown a 1959, kafin mu ji wannan musu ba. Shiga motar haya daga Daura zuwa Mai'aduwa ranar kasuwa, ka bari direba ya kunna waƙar nanaye. Kafin a yi nisa wani dattijo zai ce a kashe, wani yaro a baya ya ce, "Haba Baba, a bar mana mana."

Abin da dattawanmu suka fi kuka da shi rawa ce da rashin kunya. Nawa kukan daban ne. Yawancin waƙoƙin soyayyar da ake yi yanzu babu mutum a cikinsu.

A da, soyayya ba ta da kujera a fada. Makaɗan sarki sarauta suke yi wa waƙa, da asali, da jarunta. Gidan waƙar so shi ne dandali, kuma 'yan mata ne masu shi. Wanda ya tashi a ƙauyukan Zango ko Baure ko Sandamu kafin wutar lantarki da waya su canza dare ya san yadda abin yake. In farin wata ya fito, an gama tuwo, sai 'yan mata su jeru su yi rabin da'ira. Ɗaya ta fito tsakiya tana ba da waƙa, saura na amshi da tafi, sai ta juya baya ta saki jiki ta faɗo hannunsu, su cafe ta su cilla ta sama, ta dira, wata ta fito. Samari na gefe a tsaye, kowa ya kasa kunne, domin a cikin waƙar gaɗar nan ake yanke musu hukunci. Marowaci zai ji nasa. Wanda ya yi alkawarin turmin atamfa ya tafi cirani ya yi shiru zai ji nasa. Tsohon da iyaye ke shirin ba wa yarinya ba da sonta ba, shi ma za a wanke shi tas. Ba a kama sunan kowa, don kunya ba ta barin budurwa ta ambaci sunan saurayinta, amma duk dandalin ya san da wa ake. Wannan kunyar ita ta koya musu gwaninta. Tunda ba za ki faɗi suna ba, dole ki nemo abin da in kin faɗa babu wanda zai yi kama da shi sai shi: tafiyarsa, hularsa, kekensa, irin ƙaryar da ya saba yi.

Maza masu gurmi da kukuma da garaya su ne suka ɗauki waƙar so suka kai ta rediyo da kaset. Marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi wa Jummai waƙa, har yau in an ambaci sunansa sai an ambace ta. Mutanen da ba su taɓa ganin ta ba suna maganarta tamkar 'yar unguwarsu. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya bi ta wata hanyar da kuntiginsa: a Jawabin Aure da Auren Dole bai tsaya kan daɗin so ba, ya shiga cikin gida ya duba abin da ke kashe shi. Barmani Choge ta Funtuwa da ƙwaryarta ta faɗi abin da matan kulle ke faɗa in babu namiji a kusa, har da kishi, har da neman na kai.

Mu a Daura muna da malami a kusa, ko da yake ba a san shi da waƙar soyayya ba. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, aka kawo shi Daura aka yi masa sutura kamar yadda ya nema, saboda amincin da ke tsakaninsa da Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Abin koyi a wurin Shata shi ne bai yi wa mutum waƙa a makance. Zai san garinka, da ubanka, da sana'arka, da hanyar da ake bi a je gidanka, da wanda ke gaba da kai. Waƙar da ya yi wa Sarkin Daura ba za ta hau kan wani sarki ba, ko an canza suna. Masoyi kuwa ai ya fi maroƙi cancantar ya san wanda yake yi wa waƙa.

Sauyi ya zo ta ƙofa uku. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen silima na Arewa suna nuna mana saurayi da budurwa na amsa wa juna waƙa. Littattafan soyayya suka biyo baya, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Fim ɗin Hausa na bidiyo kuma, wanda aka fara da Turmin Danya a 1990, daga baya ya zo ya haɗa su, fiyano ta maye gurbin kalangu. Lokacin da finafinan Sangaya da Wasila suka fito, babu gidan biki ko shagon kaset da ba a jin waƙoƙinsu.

Ba zan yi wa wannan zamani butulci ba. Shi ya ba budurwa baki ta ce ina so ko ba na so a gaban kowa, kuma ya taimaka wajen sa auren dole ya zama abin kunya. An kuma samu masu fasaha na gaske. Nura M. Inuwa ya iya saƙa magana, kuma da ya yi Soyayyar Facebook ya duba abin da ke faruwa ne a gabansa ya waƙe shi. Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gidaje a 2020, lokacin kullen korona, har matan aure suka riƙa taka rawarta a gaban mazajensu ana ɗauka a waya, malamai suka yi ta faɗa. Waƙar da ta tayar da wannan ƙura ba za a ce ba ta taɓa komai a zuciyar mutane ba.

Sai dai ka saurari goma a jere daga cikin waɗanda ake turawa a memori a shagunan cajin waya. Zuciya, hawaye, numfashi, jini, mutuwa. Waɗannan kalmomi ake jujjuyawa, kuma ƙafiya ce ke jan ma'ana a hanci: in baiti ya ƙare da wani sauti, duk kalmar da ta yi daidai da shi sai a jefa ta, ko ta dace ko ba ta dace ba. Masoyiyar ba ta da gari, ba ta da iyaye, ba ta karatu, ba ta sana'a, ba ta ma da hali. Kyakkyawa ce, shi ke nan.

Laifin ba na mawaƙa ba ne su kaɗai. Duba yadda ake yin waƙar biki yau. Ango zai tura sunansa da na amarya da na ƙawaye ta WhatsApp, ya tura kuɗi. Mawaƙi bai taɓa ganin su ba. Yana da kiɗa a ajiye a kwamfuta, yana da baitoci da ya yi wa wasu a makon jiya, sai ya zare suna ya sa suna, na'ura ta gyara murya, gobe a karɓa. Kamar ɗinkin kanti ne, kowa ya sa ya shiga, ba wanda ya yi wa daidai. Ga kuma TikTok, inda ɗan guntun amshi na 'yan daƙiƙoƙi kaɗai ake buƙata don a yi rawa. Wa zai ɓata dare yana gina labari alhali ba a jin abin da ya wuce amshi?

Alhali abin waƙa na nan zube a ƙasar Daura. Jama'armu da ta Magarya da Matamaye da Damagaram a Nijar dangi ne, ana auratayya tun kafin Bature ya ja layi. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Saurayi na wannan gefen iyakar Kwangwalam, budurwa na wancan, jarinsa na kasuwanci ya tsaya, an sa rana ga lefe bai haɗu ba. Ga ɗan acaɓa da ke Abuja yana tara kuɗin sadaki, yana jin labarin wani mai mota ya fara sallama a gidansu. Ga ɗalibar kwaleji da ke roƙon a bari ta gama kafin a ɗaura. Kakanninsu mata da ba su taɓa riƙe alƙalami ba da sun mayar da kowanne waƙa kafin wata ya faɗi.

Don haka, ɗan'uwa mai shirin angwanci, in mawaƙi ya turo maka waƙar bikinka kada ka yi saurin biyan cikon kuɗi. Cire sunan amaryarka a ranka, ka sa na wata, ka sake saurara. In waƙar ta zauna daram, mayar masa da abarsa, ka ce ya zo ya tambayi wace ce ita tukuna.