Malam, kafin ka buga takardar nan, ka yi rajista

Jiya wani abokina, malamin injiniyanci a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, ya turo min hoto daga kasuwa. Na'urar busar da tumatir ce mai aiki da hasken rana, kusan sak wadda ya shafe shekara uku yana gwaji a kanta, ga wani can ya ƙera yana sayarwa. Na ce masa, "Malam, ka yi mata rajista kuwa?" Ya ce ina! Takarda ya rubuta a kai aka buga a mujalla, don lokacin yana neman ƙarin girma.

To, a nan gizo ke saƙar. Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya, ta 1970, tana ba mai abu kariyar shekara 20, amma da sharaɗin abin sabo ne, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba. Ranar da ka baje sirrin aikinka a mujalla kafin ka shigar da takardar rajista, kai da hannunka ka rufe wa kanka ƙofa. Ni ban ga laifin malamin sosai ba. Tsarin da ya fi ƙirga takardu wajen ƙarin girma, ai shi ya koya masa gaggawa.

Ku dubi Amurka. Tun 1980 dokar Bayh-Dole ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, kuma dole a ba wanda ya yi aikin kasonsa. Dabarar binciken da Google ya ginu a kanta, ɗaliban jami'ar Stanford ne suka fito da ita, jami'ar ce kuma ta riƙe rajistar. Hannun jarin da ta karɓa a madadin izinin amfani, da ta sayar a 2005, dala miliyan 336 ta samu. Daga aikin ɗalibai fa!

Na san wasu za su ce ilimi sadaka ne, kuma da kuɗin talakawa aka yi binciken, don me za a sa masa kwaɗo? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma rajista ba ta hana kyauta. In abin naka ne, kana iya barin manoman Kadawa su ƙera kyauta, ka caji babban kamfani. In ba naka ba ne, wallahi ko shawara ba mai yi da kai.

Abin haushin, hanyar tana nan. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike wajen rajista, ta kuma buɗe ofisoshin wannan aiki a jami'o'i da dama. Na tambayi abokin nawa ko akwai irin ofishin a tasu jami'ar. Ya yi shiru, can ya ce yana jin akwai, sai dai ya tambaya ranar Litinin. Shekararsa goma sha ɗaya yana koyarwa a wurin.