Kan Masu Cewa "Haka Ne" a Majalisar Hukunci

  Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Birnin Gwari, ku sani akwai wani ciwo a cikin majalisunmu wanda muka saba da shi har ba mu ganinsa.

Tun da ɓarayin daji suka zauna cikin Kamuku da Kuyambana, sau da yawa akan kama mutum a ƙauye a ce shi ne mai kai musu labari, ko mai sayar musu da burodi da mai. Kotu tana da nisa, hanya kuma babu aminci, sai a tara dattawa da 'yan sa-kai a ƙofar mai gari. Babba ya fara magana, na kusa da shi ya ce haka ne, na ukun ya ce haka ne, kafin a kai ga ƙarami an riga an gama. Sa'an nan a ce mutum ashirin sun haɗu a kan laifinsa. Ni kuwa na ce mutum ɗaya ne ya yi hukunci, goma sha tara suka yi masa amshi. Wanda ya san wani abu na kuɓuta sai ya haɗiye, domin ya san duk mai kare wanda ake tuhuma gobe shi za a nuna.

Kada wani ya ce wannan halin jahilai ne. A Ingila da Amurka talakawa goma sha biyu ake zaunarwa su ji ƙara su ce mai laifi ne ko ba shi ba, su ma wannan ciwo bai ƙyale su ba. A 1951 wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da ɗalibi cikin wasu da aka kitsa wa su faɗi ƙarya, a nuna musu zane-zane a ce wane ya yi daidai da wane a tsawo, abin da ko yaro ba ya kuskurewa. Kimanin uku cikin huɗu suka bi taron suka ƙaryata idonsu, ko da sau ɗaya. Babu bindiga a wurin, babu sarki, kunya kaɗai ce. To, ina ga majalisar da ake zaune da makami a hannu da gawa a kabari? Amma ku lura, da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, sai yawancin masu bin suka daina.

Malamanmu na mazhabar Malik sun umurci alƙali ya shawarci masu ilmi, kuma sun yi maganar rarraba shaidu idan ya yi shakka, a tambayi kowa shi kaɗai don kada wani ya ɗauki lafazin wani. Shawara da kowa ke maimaita bakin babba ba ita suka nufa ba. Ko sojan Ingila a kotunsu ƙarami ake fara tambaya, babba ya zo ƙarshe.

Asalin al'amari dai rai ba na majalisar ƙauye ba ne, a miƙa wanda ake zargi ga hukuma. Amma tun da aka yi sulhu a 2024 aka buɗe karar shanu, zaman sasanci ya yawaita, na gona da kiwo da dabbar da aka gane a kasuwa, kuma malamai ake kira. To, malam, in an kira ka, nemi a fara da ƙarami, mai gari ya riƙe bakinsa har ƙarshe. A ji shaidu ɗai-ɗai a zaure dabam. A naɗa mutum guda a bainar jama'a wanda aikinsa ya kawo hujjar wanda ake tuhuma, don kada a zarge shi da haɗa baki. In aka ce maka an riga an haɗu, tambaya wa ya gani da idonsa, a kira shi ya faɗi rana da wuri.