Ba a fafe gora ranar tafiya: darasi daga masu tseren tsofaffin motoci

Akwai wata magana da na ji ta fi sau ɗari a bakin iyaye, ni ma na sha faɗin ta a cikin aji: "In ba ka yi karatu ba, garaji za a kai ka." Muna faɗin ta kamar yadda ake tsorata yaro da dodo. Shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, amma sai bana na gane irin ɓarnar da wannan magana take yi. Abin da ya buɗe mini ido kuwa, tseren tsofaffin motoci ne da Turawa ke yi.

A hutun da ya wuce na raka wani maƙwabcina ya kai motarsa gyara a wani garaji nan Maraɗi. Sai ga wani tsohon ɗalibina ya fito daga ƙarƙashin wata Peugeot 504, jikinsa duk baƙin mai. Shekara biyu ya yi a hannuna a CM2, lissafi ya kada shi, mahaifinsa ya cika alkawarin da ya daɗe yana yi masa, ya kawo shi nan. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, don Allah ku fassara mini wani abu." Ya buɗe wayarsa, ya nuna mini bidiyon wani dattijo Bafaranshe yana shirya tasa 504 domin tsere. Yaron yana gane abin da hannun dattijon zai yi tun kafin ya yi shi, amma faransancin ya fi ƙarfinsa. Ni kuma ina jin faransancin kalma bayan kalma, amma ban san abin da ake nufi ba. Muka zauna kan benci ɗaya, kowa riƙe da rabin ilimi, muna haɗawa. Kunya ta kama ni, domin ni ne aka biya albashi in ba shi rabin da ya rasa.

Wannan tsere tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Turai. A Ingila, tun 1998 ake yin taron Goodwood Revival, inda motoci irin waɗanda suka yi gudu a filin tsakanin 1948 da 1966 ke komawa su fafata. A Faransa akwai Le Mans Classic tun 2002. A Italiya ana bin hanyar Mille Miglia daga Brescia zuwa Roma a dawo, da irin motocin da suka yi ainihin tseren tsakanin 1927 da 1957. Waɗannan su ne manyan da ake nunawa a talabijin. Ƙarƙashinsu akwai ƙananan ƙungiyoyi barkatai, na mutanen da tsere ba sana'arsu ba ce: likita, akanta, manomi, malamin makaranta irina da ya yi ritaya. Ranar Asabar sai su cire kayan ofis su sa na garaji, su kwanta a ƙasa ƙarƙashin mota, ƴaƴansu da jikokinsu suna miƙa musu sifana. Ba wanda yake ganin an ƙasƙanta.

Dokar wasan ita ce ta fi jan hankalina. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta sharɗanta cewa motar da za ta shiga gasannin tsofaffin motoci da ke ƙarƙashinta ta zauna yadda irinta take a zamaninta, har takardar shaida ake ba kowace mota. Ba ka da izinin cire tsohon inji ka sa na zamani mai kwamfuta. Ke nan in kana son ka wuce abokin karawarka, hanya ɗaya ta rage: ka san injinka ciki da waje, ka daidaita shi fiye da yadda shi ya daidaita nasa. Gudun kansa sau da yawa bai wuce minti ashirin ko talatin ba. Aikin yana cikin makonnin da ke tsakanin tsere da tsere. Kakanninmu sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.

To me ake yi a waɗannan makonni? Ana zubar da baƙin mai a duba shi a haske, ko akwai ɓurɓushin ƙarfe da ke nuna wani abu ya fara cin kansa a ciki. Ana auna matsin kowace silinda a rubuta, a kwatanta da na wancan karo. Ana cire buji a karanta launinsa: in ya yi baƙi da toka, mai ya yi wa iska yawa, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na zafi, fiston na iya hujewa, launin ƙasa-ƙasa shi ake nema. Fetur yana ƙonewa tsaf idan giram ɗaya ya haɗu da iska giram 14,7, amma mai neman ƙarfi yakan ƙara mai kaɗan, ya sauko wajen 13. Iska kuma ba ta zama iri ɗaya: ranar zafi ko a kan tudu ta fi ranar sanyi sauƙi, don haka sai an canza jiklar da ke cikin karbirata gwargwadon wuri da yanayi. Ana daidaita lokacin da buji ke ba da wuta, da digiri ake ƙirga shi. Ana gyara tazarar supap da ƴan siraran ƙarafa masu kaurin da bai kai rabin milimita ba. Ana sake man birki, saboda yana shan danshin iska, in ya sha kuma sai ya tafasa da wuri, direba ya taka ya ji wayam. Da an fito daga fili ana auna zafin taya wuri uku, ciki da tsakiya da waje, don a san yadda take taka ƙasa.

Duk wannan yana tafiya da ƙa'ida guda, wadda dattijon ya maimaita har sau uku: canza abu ɗaya kawai, ka gwada, ka rubuta sakamako, sannan ka taɓa na biyu. In ka canza uku lokaci ɗaya mota ta gyaru, ba ka san wanne ya gyara ta ba. Kusa da akwatin sifanunsa akwai wani kaye da ya yi baƙi da hannu, kwanan wata, zafin rana, lambar jiklar, matsin taya, lokacin da ya yi a kowane zagaye.

Ƴan uwana malamai, ku sake karanta sakin layin nan biyu. Akwai abin da ke ciki wanda ba ya cikin manhajarmu? Awo, kaso, kusurwa, zafi da matsi, gwaji da rubuta sakamako. Shi ne kimiyyar da aka koya mana a makarantar horon malamai cewa mu koyar ta hanyar lura da gwadawa, muka zo muka mai da ita hadda. Muna rubuta ƙa'idar cikin silinda a allo, yara su rera ta kamar waƙa, ran jarrabawa su zubar, washegari su manta. Ba mu taɓa gaya musu cewa silinda na nan bakin hanya, guda huɗu cikin kowace taksi ba.

Ranar nan na ari alƙalami na rubuta a bayan kwalin buji. Injin 504 mai lita biyu, faɗin silindarsa milimita 88 ne, tafiyar fiston milimita 81. Rabin faɗin santimita 4,4. A ninka 4,4 da 4,4, a ninka da 3,14, a ninka da 8,1, a samu kusan 492 da rabi. Silinda huɗu, 1970 ke nan, kusa ƙwarai da 1971 da ke rubuce a takardun motar. Yaron ya karɓi kwalin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, ashe wannan ne kuke ta dukan mu a kansa?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Abin da ya gagare shi shekara biyu a aji, ya shige shi cikin minti biyar, saboda wannan karon lissafin yana maganar abin da ya taɓa da hannunsa.

Na san abin da za a ce. Za a ce wasan masu kuɗi ne, mutanen da suka ƙoshi har suke ƙona fetur don nishaɗi, alhali mu nan ajin zana muke fama da shi. Gaskiya ne, akwai motoci a Goodwood da kuɗin ɗaya zai gina makarantu da yawa. Za a kuma tuna mini cewa mun ga tseren Turawa da idonmu: Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamban 1978, ya ratsa Agadas da Yamai, kuma cikin shekarun da aka yi ana bi ta Afirka, motocinsa sun kashe mutanen ƙauye har da yara. Wannan ma gaskiya ce, ba kuma na neman a dawo mana da shi. Haka nan ba na kare yaran da ke wasa da mota ranar ɗaurin aure, suna juya ta cikin ƙura tsakiyar jama'a. Waɗancan gudun kawai suka ɗauko. Mai tseren gaske ba a barinsa ya shiga fili sai an duba birkinsa, da bel, da hular kwano, da abin kashe gobara.

Amma ko a cikin wancan Dakar na farko akwai abin lura. Ƴan uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, da ƴar ƙaramar Renault 4 suka zo na biyu a cikin motoci, gaban manyan da suka fi su ƙarfi da tsada. Shiri ne ya kai su. Ita kuma 504 da muke yi wa kallon tsohuwar akwala, ta ci Safari Rally na Kenya a 1975. Da tsohuwar zuma ake magani. Makanikanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna riƙe da irin waɗannan motoci a raye shekara talatin, arba'in, cikin ƙura da zafin da zai sa Bature ya ajiye sifana, sau da yawa ba tare da kayan gyara na asali ba. A wajen hannu da kunne ba su da abin jin kunya gaban kowa. Abin da dattijon nan ya fi su da shi, kaye ne da ma'auni. Kuma kaye da ma'auni a wurinmu suke, mu malamai, mun kulle su cikin aji.

Laifin namu ne mu biyu. Iyaye sun mai da garaji wurin zubar da wanda ya kasa, sai ya je can da raunin zuciya, yana ganin ya rabu da biro har abada. Mu kuma mun mai da lakwal wurin da ba a ɓata hannu. Sakamakon yana gabanmu: mai takarda da ba ya iya canza buji, da makanike da ke kwance inji da ka amma ba ya iya karanta littafin motar. Lise teknik na Ɗan Kasawa yana nan Maraɗi, cibiyoyin koyon sana'a suna garuruwa da dama, amma iyaye nawa ne ke kai yaro mai ƙoƙari can da son ransu, tun kafin wata ƙofa ta rufe masa?

Abin da nake roƙo bai buƙatar kasafin minista. Malami ya je garajin unguwa ya roƙi mataccen fiston da tsohon karbirata, ya ajiye su kan tebur ranar darasin awo. Ya gayyaci makanike ya zo aji sa'a ɗaya, a kira shi malam, yara su tashi tsaye su gaishe shi. Uban da ɗansa ke garaji ya saya masa kaye da biro, ya riƙa tambayarsa da dare abin da ya auna yau. Wanda kuma ɗansa ke kan gaba a aji, ya tura shi garaji lokacin hutu ba tare da jin an rage masa daraja ba.

Ni dai na daina waccan magana. Tsohon ɗalibina yana zuwa gidana duk daren Alhamis, muna karanta littafin gyaran 504 shafi-shafi, ni in fassara, shi ya bayyana mini. Ya buɗe kayensa, ya riga ya cika shafi tara. Fiston ɗin da ya ba ni yana kan teburina a aji, ranar Litinin da shi za mu fara darasi.